WANE NE ZAI KOYA WA YARAN ZANGO INGILISHI?

Duk wanda ya bi babban titin da ya ratsa Agoe-Zongo a watan Satumba, lokacin da ake shirin komawa makaranta, ba zai rasa ganin allunan talla da masu makarantun kuɗi ke kafawa a bakin hanya ba. A da, abin da ake rubutawa shi ne yawan yaran da suka ci jarrabawar CEPD. Yanzu kuwa an sami ƙari: wannan ta ce ita mai harshe biyu ce, waccan ta ce Ingilishi tun daga ajin renon yara, wata ma har da hoton Baturiya riƙe da alli a tsakiyar yara.

Mu malaman makaranta da ke zaune cikin unguwa ba mu da sakat da tambaya. Ana sallame sallar Juma'a, kafin mutum ya sa takalmi, sai ya ji an dafa kafaɗarsa: "Malam, don Allah ba ni shawara. An ce makarantar can akwai Bature mai koyar da Ingilishi. In cire yaron nan daga inda yake in kai shi can?" Sau da yawa mai tambayar ɗan kasuwa ne ko direba ko tela, wanda kuɗin makarantar yara huɗu ko biyar ke kansa, ga haya, ga cefane. Saboda haka muka ga ya dace mu baje wannan magana a faifai, domin kada uba ya zuba guminsa inda ba zai ga amfaninsa ba. Za mu riƙa cewa Ingilishi a maimakon Turanci, domin ɗan Kano in ya ce Turanci harshen Ingila yake nufi, ɗan Maraɗi kuwa na Faransa, mu kuma a Zango muna da dangi ta kowane ɓangare.

ABIN DA YA TAYAR DA ZANCEN

A ranar 25 ga watan Yuni na 2022, a taron da aka yi a Kigali, babban birnin Ruwanda, aka karɓi Togo da Gabon cikin ƙungiyar Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, duk da cewa Faransanci ne harshen hukuma a ƙasashen biyu. Bayan haka, a shekarar karatu ta 2023-2024, zamanin da Farfesa Dodzi Kokoroko ke riƙe da ma'aikatar ilimin firamare da sakandare, aka fara gwajin koyar da Ingilishi a wasu zaɓaɓɓun makarantun renon yara da na firamare. Kafin wannan lokaci, yaron makarantar gwamnati ba ya haɗuwa da Ingilishi sai ya gama CM2 ya shiga ajin farko na kwaleji, wanda muke kira siziyem, yana ɗan shekara 12 ko kusa da haka.

Iyayen da ke ɗokin wannan harshe suna da gaskiyarsu. Garin Aflao na ƙasar Gana manne yake da Lome, har akwai yaran da ke tsallaka iyaka kullum safiya don yin karatu a can. 'Yan kasuwarmu suna sarin kaya a Akara da Legas da Kano, wasu har Dubai da ƙasar Sin, kuma duk wanda ya je ya san wahalar ciniki da tafinta. Ga bankin Ecobank da kamfanin jiragen sama na Asky, waɗanda hedkwatarsu ke nan Lome, amma harkarsu ta game ƙasashe masu Faransanci da masu Ingilishi. Ashe ke nan babu gardama a kan cewa yaranmu na bukatar Ingilishi. Abin tambaya shi ne wa zai koya masu, kuma ta wace hanya.

INGILISHI BA BAƘO BA NE A LOME

Tun kafin Jamusawa su kafa tutarsu a 1884, Ingilishi ne harshen fatauci a wannan gaɓar teku, makarantun mishan ma da shi suke koyarwa. Abin ya dami Jamusawa har a 1905 suka yi doka cewa kada a koyar da wani harshen Turai a makarantu in ba Jamusanci ba. Da aka fara yaƙin duniya na farko a 1914, Ingilishi ne suka riƙe Lome, ba su miƙa wa Faransawa ba sai a 1920. A ƙuri'ar raba gardama ta 1956 yammacin tsohuwar Togo ya zaɓi haɗewa da Gana, shi ya sa har gobe gida ɗaya za ka tarar rabi na Faransanci, rabi na Ingilishi. Shugaban ƙasa na farko, Sylvanus Olympio, a Landan ya yi karatun tattalin arziki.

Baƙin malamai waɗanda suka sha Ingilishi a nono su ma sun daɗe suna zuwa. Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa ƙungiyar 'yan sa kai ta Peace Corps a 1961, rukunin farko suka sauka Gana a shekarar, sa'an nan Togo ta karɓi nata a 1962. Akan ba su horo na kimanin wata uku, su zauna shekara biyu, kuma masu koyar da Ingilishi daga cikinsu galibi a kwalejojin karkara ake aje su. Ɗayansu, George Packer, ya koyar a garin Lavie kusa da Kpalime a farkon shekarun 1980, ya kuma wallafa littafi a 1988 a kan zamansa a can. A watan Maris na 2020, da annobar korona ta ɓarke, an kwashe dukkan 'yan sa kan ƙungiyar daga ko'ina a duniya cikin 'yan kwanaki. Ajin da ya dogara da baƙo shi kaɗai sai ya wayi gari babu malami. Da ma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne.

A matakin firamare kuwa, inda aka fi sanin irin waɗannan malamai a birnin nan shi ne makarantu irin su British School of Lomé, inda yaro ke yini cikin Ingilishi: lissafi da shi, kimiyya da shi, wasa a fili ma da shi. Makarantu ne na masu hali da 'ya'yan ma'aikatan ofisoshin jakadanci. Abin da ke isowa unguwanni irin namu dabam ne: matasa 'yan sa kai masu zuwa na 'yan makonni, ko wani baƙo da mai makaranta ya roƙa ya riƙa leƙowa sau ɗaya ko biyu a mako.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Gani ya kori ji. A wata makarantar kuɗi da muka taɓa koyarwa, an kawo wata budurwa daga Ingila, mai fara'a da son yara, wadda ta zo zaman mako goma. Aka ba ta ajin CE1 mai yara sama da 60. Faransancinta bai taka kara ya karya ba, Hausa da Ewe kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba, kuma ba ta taɓa riƙe aji ba a rayuwarta. Malamin ajin, da ya ga an sami mai taimako, sai ya ja kujera ya koma gindin bishiya yana gyaran littattafai. Yara suka koyi waƙoƙi uku, da sunayen launuka, da ƙirga zuwa 20, kuma lafazinsu ya yi daɗin ji, har iyaye suka riƙa tara maƙwabta su saurara. Da ta tafi, ba a ƙare zangon karatu na gaba ba sai da komai ya zube, in ban da gaisuwar safe. Ita ba ta da laifi, iyakar ƙoƙarinta ta yi. Abu biyu ne suka dawwama bayanta: hotonta a allon talla, da ƙarin kuɗin da aka yi wa iyaye.

A wata shekarar kuma mun yi aiki da wani dattijo, tsohon malamin firamare a ƙasarsu, wanda ya yi shekara guda tare da mu. Shi wannan bai yarda a bar masa aji shi kaɗai ba. Ranar Laraba da yamma, lokacin da babu aji, yakan tara mu malamai mu shida, mu tsara darasin mako tare, ya gyara mana lafazi, mu kuma mu gaya masa inda yaranmu za su yi tuntuɓe. A cikin aji malami ne ke jan darasi, shi kuwa ya karanta labari, ya yi hira da yara rukuni rukuni. Ya daɗe da komawa gida, amma katunan hotuna da muka yanka daga kwalaye tare da shi suna nan ana amfani da su, malaman nan shida kuma kowace shekara sababbin yara na wucewa ta hannunsu.

IYA MAGANA DABAM, IYA KOYARWA DABAM

Ya kai mai karatu, gwada wannan a kanka. Kai Bahaushe ne, a nono ka sha Hausa. To bayyana wa baƙo dalilin da ya sa muke cewa "sun zo jiya" amma mu ce "jiya ne suka zo". Mafi yawanmu za mu ce haka dai ake faɗa. Haka shi ma ɗan Ingila yake in yaro ya tambaye shi dalilin wata ƙa'ida ta harshensa, muddin bai koyi aikin koyarwa ba. Lokacin da Bajamushe Adam Mischlich ya so zurfafa a Hausa a Kete-Krachi, wadda a lokacin ke cikin Togo ta Jamus, akwai masu jin Hausa cike da kasuwa, amma gaban Alhaji Umaru ya je ya zauna, malamin nan haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, domin shi ne ya san harshen sanin ilimi.

Ra'ayin cewa wanda aka haifa cikin Ingilishi shi ne malamin da ya fi kowa yana da tarihinsa. Wani masani ɗan Ingila, Robert Phillipson, a littafinsa na 1992, ya bi sawun wannan ra'ayi har zuwa wani taro da aka yi a Makerere ta Yuganda a 1961 a kan koyar da Ingilishi a ƙasashen Kwamanwel, ya kuma nuna cewa ba a kan wani bincike aka gina shi ba. Malamin gida yana da abin da baƙo ba shi da shi, domin shi ma da gumi ya koyi harshen, ya san ramukan da ke hanya. Ya san ɗan Hausa zai haɗa sautin "p" da "f". Ya san yaron da ya fara karatu da Faransanci in ya ga kalmar "pain" zai ɗauka burodi ne, alhali a Ingilishi ciwo ake nufi, in ya ga "chat" ya ce kyanwa, alhali hira ce. Ya kuma san gadar da zai shimfiɗa masa: tebur, fensir, bokiti, mota, asibiti, duk kalmomi ne da Hausa ta aro daga Ingilishi, yaro na jin su tun yana goye.

Wani zai ce, to ai Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa Turawa ne suka koya masu, ga shi har duniya ta yi mamakin Ingilishin Ɓalewa. Gaskiya ne. Amma a dubi yadda Kwalejin Katsina take, wadda aka fara a 1921. Zaɓaɓɓun samari ne 'yan ƙalilan, waɗanda suka riga suka iya karatu da rubutu, suna kwana a makarantar, suna shekara biyar. Sa'an nan manufar kwalejin ita ce horar da malamai, shi ya sa Sardauna ya koma koyarwa a makarantar midil ta Sakkwato, Ɓalewa kuma a ta Bauci. Wato Turawan ba su bi aji aji na ƙananan yara ba. Masu koyar da yaran suka koyar. Ko ƙasar Japan mai arziki, da ta fara kawo matasa masu jin Ingilishi a shirinta na JET a 1987, a matsayin mataimaka ta ɗauke su, suna shiga aji tare da malamin gida.

LISSAFIN AWOYI

Akan kawo mana karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma sai an riƙe shi an daɗe. A ce yaro na samun awa 2 na Ingilishi a mako, a ce kuma makonnin karatu na haƙiƙa 30 ne. Awa 60 ke nan a shekara. Yaron da ke jin Hausa awa 10 a yini, cikin kwana 6 ya cika wannan adadi. Ƙaramin yaro na tsintar harshe kamar kaza da tsaba ne idan harshen ya kewaye shi, kamar yadda yaranmu ke tsintar Ewe a titi ba tare da malami ba. Awa 2 a mako ba kewayewa ba ce, ko da kuwa Sarkin Ingila ne da kansa ke tsaye gaban allo.

An gwada wannan a birnin Basalona na ƙasar Sifen, a wani bincike da Farfesa Carmen Muñoz ta jagoranta, aka wallafa sakamakonsa a 2006. An kwatanta yaran da suka fara Ingilishi suna shekara 8 da waɗanda suka fara suna 11. Bayan kowane rukuni ya sami awoyi daidai da na ɗaya, sai aka tarar waɗanda suka fara da girma sun fi saurin kamawa, musamman a nahawu da karatu. Wannan bai nuna cewa fara Ingilishi da wuri aibu ne ba. Abin da ya nuna shi ne, farawa da wuri kaɗai ba ta wadatarwa in babu isasshen lokaci da ɗorewa.

KAYAN DA KE KAN YARON ZANGO

Sai mu dubi yaron da ake magana a kansa. Tun zamanin tsohon Zango na tsakiyar gari, wanda aka rushe a 1977 aka maido jama'a nan arewacin birni, unguwarmu matattarar harsuna ce. Yaro na jin Hausa a gida, ko Kotokoli, ko Zabarmanci, ko Fulatanci. A titi da kasuwa Ewe ne ko Mina. Da asuba ko da yamma yana makarantar allo da haruffan Larabci, daga dama zuwa hagu. A makarantar boko kuma ana koya masa karatu da rubutu cikin Faransanci, harshen da sau da yawa bai taɓa ji ba sai ranar da ya shiga CP1. Tun da aka soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati a 2008 ajujuwa suka cika maƙil, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne a tsakaninmu malamai cewa akwai yaran da ke kai CE2 suna haɗa baƙi da ƙyar. Irin wannan yaro, in aka ɗora masa rubutun Ingilishi, wanda haruffansa iri ɗaya ne da na Faransanci amma furucinsu ya sha bamban, sai ya rasa tudun dafawa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai darasi daga Ile-Ife ta Nijeriya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci har shekara shida na firamare, aka bar Ingilishi a matsayin darasi guda a hannun malaman gida da aka horar musamman. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, a sauran darussa kuma sun yi masu fintinkau. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya: yaron da ya iya karatu sosai a harshe ɗaya, da shi zai jawo na biyu da na uku. Don haka a ajujuwan farko, Ingilishin baki ya fi dacewa, wato gaisuwa da waƙa da wasa da gajeren labari, a jinkirta rubutu har karatun yaro ya zauna. A nan ne kuma wanda ya sha harshen a nono yake da babban amfani, domin kunnen yara da bakinsu yake gyarawa, ya kuma cire masu tsoron magana.

SHAWARARMU

Ga iyaye, kafin ka cire yaro daga inda yake, je ka makarantar da kanka ka yi tambaya. Na farko, awa nawa ake Ingilishi a mako? Na biyu, shi baƙon malamin ya koyi aikin koyar da yara, kuma har yaushe zai zauna? Na uku, wa ke tare da shi a aji, kuma wa zai ci gaba in ya tafi? Na huɗu, yara nawa ne a ajin? Na biyar, ka roƙi a ba wani ɗan CE2 littafin Faransanci ya karanta maka shafi guda. Makarantar da ta kasa koya wa yaro karatu da harshen da ake yini ana yi, ba za ta koya masa na awa biyu ba. Kada kuma launin fata ya ruɗe mu. Ba kowane Bature ne ɗan Ingilishi ba, kuma horarren malami daga Gana ko Nijeriya, ko ɗanmu da ya karanci Ingilishi a Jami'ar Lome, Ingilishinsa shi ne irin wanda yaro zai tarar a Aflao da Legas.

Ga masu makarantu, in Allah Ya kawo maku baƙo, ku haɗa shi da malamanku, ku ware masu lokacin zama tare, ku naɗi muryarsa a waya yana karanta labarai domin a ci gaba da saurare bayan tafiyarsa. Ku kuma ji tsoron Allah game da abin da kuke rubutawa a allon talla. Ga hukuma, ƙasar Ruwanda ta juya makarantunta zuwa Ingilishi a 2008, ta kuma sha fama saboda yawancin malamanta da Faransanci suka yi karatu. Ba a fafe gora ranar tafiya. A fara da makarantun horon malamai irin ta Notse, a kai ƙwararrun baƙi can, inda kowane ɗalibi guda zai riƙe ɗaruruwan yara a tsawon aikinsa.

Mu malamai ma akwai namu. Da yawa daga cikinmu rabonmu da Ingilishi tun jarrabawar BEPC ko ta bakaloriya, kuma kunya na hana mu buɗe baki gaban baƙo. Wanda ya ji kunyar tambaya ba zai koya ba, balle ya koyar. Mu riƙi rediyo da littafi, mu matsa kusa da duk baƙon da ya zo mu kwashi abin da ke bakinsa kafin ya hau jirgi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na ƙofar masallaci, amsar da muka ba shi ita ce: in yaron na karatu da kyau a inda yake, bar shi, ka sayo masa ƙaramin littafin labarai na Ingilishi in ka tsallaka Aflao, ka kuma sa yayansa da ke kwaleji ya riƙa karanta masa bayan sallar isha'i. Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.